Tambayoyi kan Rigel, shuɗin tauraron nan na daren hunturu

Wai wane tauraro ne Rigel ɗin, a ina zan gan shi?

In kana Maradi cikin Janairu, ka fita tsakar gida wajen ƙarfe goma na dare ka ɗaga kai sama ta kudu, za ka ga taurari uku jere a layi ɗaya, to kusa da su akwai wani ja-ja a gefen arewa, Betelgeuse ke nan, a gefen kudu kuma wani fari mai shuɗi-shuɗi, shi ne Rigel. Dukkansu cikin ƙungiyar taurarin Orion suke. Shi ne na bakwai wajen haske a sararin dare, ko da ƙurar hunturu yana fitowa, sai dai in hazo ya yi yawa.

Me ya sa yake shuɗi?

Zafi ne. Ka dubi ƙarfe a maƙera, ja yake farawa, in aka ƙara zuga ya koma rawaya har ya yi fari, taurari ma haka, shuɗi shi ne gaba da fari. Fuskar rana tamu digiri wajen 5,500 ne, ta Rigel ta kai kusan 12,000. Faɗinshi ya ninka na rana sau 70 da wani abu, nauyi kuma kamar rana 20, haske kuwa lissafin da aka fi ambata sau 120,000 ne. Nisa ne kawai ya mayar da shi ɗan ɗigo, don hasken da ka gani daren jiya ya yi shekara wajen 860 yana tafiya.

To shi kaɗai ne?

A'a fa, nan ne ma abin ya fi burge ni. Ido yana ganin ɗaya amma aƙalla huɗu ne. A 1781 masanin taurari William Herschel ya hango wani ƙarami manne da shi, Rigel B, wanda haskenshi bai kai kashi ɗaya cikin 400 na babban ba, shi ya sa sai da madubin hangen nesa ake raba su. Daga baya aka gano B ɗin ma ba ɗaya ba ne, biyu ne suna zagaya juna cikin kwana goma ba kaɗan, ga kuma na uku, Rigel C, kusa da su. Kuma kar a raina su, kowannensu ya fi rana tamu nauyi da zafi, zama kusa da babba ne ya dushe su.

Zai daɗe kamar rana?

Ina! Rana ta yi shekara biliyan 4.6, shi kuwa wajen miliyan 8 kacal amma har ya cinye haidurojin ɗin cibiyarshi, wato iskar da ke zama makamashin taurari, don tauraro in ya cika nauyi da gaggawa yake ƙone makamashinshi. Masana na sa ran ƙarshenshi fashewa ce irin wadda ake kira sufanoba.