Waiwaye: Su Wa Ke Raɗa wa Yaƙi Suna a Idon Duniya?

Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya nuna a fili cewa ana iya shan kashi a fagen daga amma a yi galaba a kunnen duniya. Gwamnatin Biyafara ta Ojukwu ta ɗauki hayar kamfanin Markpress da ke Geneva yana raba wa jaridun Turai labarai, ɗaliban Ibo da coci-coci a ƙetare kuma suka shiga gangami. A 1968 hotunan yara masu kumburarren ciki suka cika jaridu. Yunwar gaskiya ce, ta kuma kashe ɗimbin jama'a. Sai dai kalmar "kisan ƙare dangi" ita ce ta ja hankalin Turawa, duk da cewa tawagar masu sa ido ta ƙasashen waje ta ce ba ta ga shaidarsa ba. Likitocin Faransa da suka yi aiki a Biyafara, ciki har da Bernard Kouchner, na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a 1971.

Daga baya abin ya zama sana'a. A Oktoban 1990 wata yarinya, Nayirah, ta shaida wa 'yan majalisar Amurka cewa sojojin Iraƙi sun fitar da jarirai daga kwalaben asibiti a Kuwait. Ashe 'yar jakadan Kuwait ce a Washington, kuma kamfanin hulɗa da jama'a na Hill & Knowlton ne ya shirya shaidar. Kafin asiri ya tonu an gama yaƙin fitar da Iraƙi daga Kuwait.

Ba ƙarya ce ta fi damuna ba, domin ita ranarta na zuwa. Abin da ya fi wuyar gyara shi ne gaskiyar da aka datse don ta yi sauƙin haɗiya. Ƙawancen Save Darfur na 2004 ya sa duniya ta waiwayi mutanen da ake ƙona wa ƙauyuka, wannan alheri ne babba. Amma an mayar da rikicin tamkar na Larabawa da baƙar fata ne kurum, aka bar batun fari, filayen kiwo da siyasar Khartoum a baya. Bidiyon Kony 2012 kuwa ya samu kallo miliyan 100 cikin kwana 6, alhali Joseph Kony, madugun 'yan tawayen da aka yi bidiyon a kansa, ya bar Yuganda tun shekaru. Da aka haska bidiyon a garin Lira na arewacin Yuganda, mutanen da aka ce ana magana a madadinsu suka fusata har da jifa.

Mazauna ƙetare nasu ya fi ciwo, tunda iyayensu ne a ƙarƙashin ruwan bama-bamai. Tamilawa sun mamaye titunan Landan da Toronto a 2009 saboda yaƙin da ake yi a Sri Lanka. A yaƙin Tigray da ya ɓarke a Nuwamban 2020 an katse waya da intanet, an hana 'yan jarida shiga, sai 'yan Habasha na ƙetare suka koma majiya, ɓangare na yayata #TigrayGenocide, ɓangare na mayar da martani da #NoMore. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Pretoria a Nuwamban 2022, amma har yau ba a yi ittifaƙi kan adadin waɗanda suka mutu ba.