Tafiyar dare a kan keke: a yanke shawara tun rana ba ta faɗi ba

Da zarar an ba da hutu, ɗalibai 'yan shekara 14 zuwa 18 sukan shiga ƙulle-ƙullen fita da abokan ajinsu. Wasu kwana za su yi a wani wuri su dawo, wasu kuma su ce kekuna za su hau su yi ta tafiya har gari ya waye, wai hanya ta fi sanyi kuma motoci sun ragu. Mu ma'aikatan lafiya ba mu ga laifin fitar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so duk mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum, kuma ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na matasan duniya ba sa cika wannan. Sai dai hukumar ce kuma ta bayyana cewa haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma a rahotonta na 2023 ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Don haka iyaye, kafin ku ce "a dawo lafiya", ku zauna da yaran. Duk shawarar da za ta tsare su sai an yanke ta da rana, domin ƙarfe uku na dare babu mai sauran kan yin tunani a cikinsu.

Barci ne babban abin tsoro, ya fi duhun ma. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowane dare. A 1997 wasu masu bincike a Ostareliya suka gwada mutanen da aka hana barci, suka tarar wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hannunsa da lurarsa sun yi ƙasa kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direba. Ku lissafa: yaron da ya tashi ƙarfe bakwai na safe, ƙarfe goma sha biyu na dare ya cika awa 17 ɗin, alhali tafiyar ko rabi ba ta yi ba. Daga wajen ƙarfe biyu zuwa asuba kuma jiki da kansa yake yin sanyi, ko mutum ya so ko ya ƙi. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan keken da ke gudun kilomita 20 a awa, tafiyar mita 17 ce ba tare da kowa yana tuƙi ba, kuma sau da yawa mai gyangyaɗin bai ma san ya yi ba.

Shi ya sa nake ba da shawarar a raba tafiyar. A tashi da yamma, a sauka a inda aka riga aka shirya kafin tsakar dare, a kwanta, a ci gaba idan gari ya yi haske. In an nace sai an raba dare a hanya, to a yi barcin rana sosai kafin a tashi, a kuma sa lokutan tsayawa tun a gida. Lemun ƙara kuzari ba ya biyan bashin barci, ɓoye gajiyar kawai yake yi na ɗan lokaci, ya sa zuciya bugu, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce bai dace da yara da matasa ba. Ƙwayoyin da wasu ke haɗiya don kada su ji gajiya kuwa, irin su tiramadol, suna iya jefa lafiyayyen mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, balle a ce yana kan keke.

Akwai kuma abin da iyaye ba su cika lura da shi ba. Ɗanku mai natsuwa a gida wani mutum ne daban a tsakiyar abokansa. A 2005 an yi wani gwaji a Amurka inda aka ba mutane wasan tuƙi a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu abokansu na kallo. Manya ba su canza sosai ba, amma matasa sun ƙara ganganci ƙwarai da zarar abokai suna wurin. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an wuce shekara 20. Ba rashin tarbiyya ba ne, shekarun ne. Abin da hakan ke haifarwa a hanya shi ne tsere a gangara, da sakin hannu, sannan mafi muni, yaron da ya gaji ya yi shiru don kada a ce masa rago. Maganinsa a yi ƙa'ida tun kafin a tashi: duk wanda ya ce a tsaya, an tsaya, ba tsokana, ba tambaya. Gudun tawaga kuma gudun mafi rauninta ne. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, kuma ba a barin kowa ya zama na ƙarshe shi kaɗai.

Batun fitila, mai keke yakan ɗauka tunda shi yana ganin mota, direba ma yana ganinsa. Ba haka ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kafin direba ya gane abin da ya gani ya kai ƙafa kan birki ta shafe mita 30 ko fiye. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968 kan zirga-zirgar hanya ta tanadi cewa keke ya kasance da birki mai ci, da ƙararrawa, da farar fitila ko ruwan ɗorawa a gaba, da ja a baya. Hasken waya ba fitila ba ne, kuma yana cinye cajin da za a nemi taimako da shi. Riga mai launi mai haske da rana take aiki, da dare sai kyalle mai mayar da hasken mota. A ɗaura shi a idon sawu da gwiwa, domin motsin ƙafa sama da ƙasa shi ke sa direba ya gane mutum ne tun daga nesa. A bi hannun da doka ta ce, a jere ɗaya bayan ɗaya, a cire abin sauraren waƙa daga kunne.

Hular kwano kowa da tasa. Ta zauna daidai, tazarar yatsa biyu sama da gira, igiyar ta kama haɓa yadda yatsa ɗaya kawai zai shiga. Wadda aka taɓa faɗuwa da ita ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba, soson cikinta ya riga ya matse.

Idan aka faɗi fa? Nan ne dare yake yaudarar mutane. Alamar rauni a ƙwaƙwalwa da alamar gajiya sun yi kama: magagi, jan magana, son kwanciya. Yaro ya buga kai, ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ce lafiyarsa ƙalau, bayan awa ɗaya ya ce barci yake ji, abokai su ce ai kowa ma barci yake ji. Alhali yana iya yiwuwa jini ne ke taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai. Duk wanda ya buga kai, hawan keke ya ƙare masa a daren nan, kuma wani ya zauna da shi. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko ya yi ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko ya manta abin da ya faru, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko wani gefen jiki ya saki, asibiti za a nufa nan take, ba sai da safe ba. Mai kukan wuya ko baya, ko wanda ya ce hannu ko ƙafa sun yi masa sanyi ba ya jin su, kada a ciccibe shi. A riƙe kan yadda yake, a tsare hanya da fitilu, a kira agaji. Ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta sosai, jini a danne shi da kyalle mai tsabta, a kuma duba ko allurar rigakafin titanus ɗinsa tana nan.

Masu lalura ba a hana su zuwa, amma babban da ke tare da su ya sani. Rashin barci yana tayar da farfaɗiya. Sanyin asuba a jikin da gumi ya jiƙa, ga ƙarancin ruwa, ga wahala, suna tayar da sikila. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihunsa, ba a jakar wani da ya yi gaba ba. Mai ciwon suga ya riƙe abu mai zaƙi, don doguwar tafiya tana sauke suga. Kowa ya ɗauki busasshiyar riga ta canji da ruwan sha, a riƙa kurɓa ko ba a jin ƙishi.

Iyaye kuma ku nemi amsa uku kafin ku amince: wace hanya za a bi kuma wa ya taɓa binta da rana, wane babba ne zai raka su, kuma wace mota ce za ta iya ɗauko yaro in ya kasa. Ku rubuta lambar agajin gaggawa ta ƙasar da lambobin iyayen sauran yaran a takarda, ku sa a aljihun kowa, don waya tana mutuwa. Ku sa lokutan da za su kira gida, ku kuma gaya musu ƙarara cewa wanda ya bugo ƙarfe uku ya ce a zo a ɗauke shi, za a zo, kuma ba za a yi masa faɗa ba.