Bashin yaya ba ya kai ƙane ofishin 'yan sanda

A kasuwannin Legas irin su Mile 12 ko Alaba Rago labarin ba baƙo ba ne. Mutum ya ɗebi buhunan albasa bashi, ya kashe waya, ya yi Arewa. Sai mai kaya ya zo da ɗan sanda, a tasa ƙeyar ƙanensa ko yaron shagonsa, a ce zai zauna har mai gidan ya bayyana.

Doka ta haramta wannan. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama wani a madadin wanda ake zargi, kuma dokar shari'ar laifuka ta Jihar Legas ta 2011 ta riga ta faɗi haka. Matarsa ce, ɗansa ne, abokin kwanan ɗakinsa ne, duk ɗaya.

Shi kansa mai cin bashin, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ya ce ba a kama mutum don bashi ko saɓa alƙawarin ciniki kawai. Wurin wannan kotu ne, kuma tun 2018 Legas na da kotun ƙananan basussuka da ba sai da lauya ba. Damfara daban ce: wanda ya karɓi kuɗi da ƙaryar kayan da babu su, laifi ya yi. A nan masu kaya kan yi wayo, su shafa wa bashi sunan damfara don takardar ƙorafi ta karɓu, kuma a ganina wannan zalunci ne ko da kuɗinsu na gaskiya ne.

In an riga an kama, sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a gaya wa mutum dalili a rubuce cikin awa 24, da yaren da yake ji, ba Turanci ko Yarbanci dole ba. Yana iya yin shiru har lauyansa ya zo. A kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, sai dai in laifin mai hukuncin kisa ne. Belin ofishin 'yan sanda kyauta ne.

Wanda ya sa hannu ya tsaya wa wani a beli, shi kam ya ɗora wa kansa nauyi, in mutumin ya gudu kotu na iya cin kuɗin da ya yi alƙawari. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba na iya neman diyya a babbar kotu, mara hali kuma ya je ofishin lauyoyin talakawa na jihar, ba a biyan ko kwabo.