Iskar dariya a dokar Birtaniya: laifin yana ga niyyar mai riƙe da ita

Tun ranar 8 ga Nuwamba 2023, duk wanda aka kama a Birtaniya da iskar naitiros oksaid, wadda aka fi sani da iskar dariya, da nufin ya shaƙa don ya bugu, ya taka doka. An saka ta a rukunin C, mafi sassaucin hukunci cikin rukunai uku na dokar hana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi ta 1971. A da can, ƙarƙashin wata doka ta 2016, mai sayarwa don shaƙa kaɗai ake tuhuma, ba ruwan kowa da saurayin da ke riƙe da balan-balan ɗin da ya cika da iskar don ya shaƙa.

Iskar ita kanta ba a haramta ta ba. Likitan haƙori yana aiki da ita, ana ba mata masu naƙuda, masu yin kek suna hura kirim da ita ya yi kumfa. Ba a ma buƙatar lasisi. Abin da doka ke tambaya shi ne, me za ka yi da ita? Mai dafa abinci da 'yan gwangwanayen iskar a kicin yana da amsa. Wanda aka tarar a mota da tsakar dare, ga tulun iska ga ƙunshin balan-balan, sai ya yi bayani. Hukuncin mallaka yana iya zama gargaɗi, ko aikin gayya ga al'umma, ko tarar da ba ta da iyaka, ko ɗaurin da zai kai shekara 2 ga wanda ya ƙi ji. Dillali kuwa an ninka masa iyakar ɗaurin, daga shekara 7 ta koma 14, kuma mai shagon da ya kau da kai alhali yana ganin alamar shaƙa za a yi, shi ma bai tsira ba.

Abin mamaki, kwamitin ƙwararru da ke ba gwamnati shawara kan ƙwayoyi bai goyi bayan wannan mataki ba, gwamnati ta yi gaban kanta. Cikin hujjojinta har da gwangwanayen da ke warwatse a tituna da fitinar matasa. A ganina hujjar da ta fi nauyi tana asibiti.

Iskar tana kashe ƙarfin bitamin B12 a jiki. Bitamin ɗin yana nan, amma ya zama hoto, ba ya aiki. Shi kuwa jiki da shi yake gyara rigar kitsen da ke lulluɓe jijiyoyi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Idan rigar ta fara zaizayewa, musamman a lakar gadon baya, saƙo ba ya isa inda aka aike shi. Farko yatsun ƙafa da na hannu za su riƙa yi kamar ana tsira musu allura. Sai mutum ya taka ƙasa ya ji kamar a kan katifa yake tafiya, maɓallin riga ya gagare shi, in ya rufe ido a tsaye ya yi tangaɗi. In abin ya yi nisa, fitsari ya kufce, tafiya ta gagara sai da keken guragu. Lamarin ya ƙara muni da aka koma manyan tuluna, domin ɗan gwangwani giram 8 ne kacal, babba ɗaya kuwa ya ninka shi sau da yawa, mai shaƙa ba ya ma sanin nawa ya zuƙa.

Wasu suna haɗiyar ƙwayar B12 suna ci gaba da shaƙa, wai riga-kafi. Zuba ruwa ne a kwando, iskar za ta kashe sabon kamar yadda ta kashe tsohon. Magani shi ne a daina gaba ɗaya, a fara allurar B12 da wuri. Da yawa suna samun sauƙi, wasu kuma lahanin ya zauna.

Inda nake jin tsoron dokar shi ne kada ta sa mara lafiya ya ɓoye wa likita gaskiya. Gwajin jini na yau da kullum yana iya nuna B12 ƙalau alhali ba ya aiki, sai likita ya san an shaƙi iskar sannan zai nemi ƙarin gwajin da ke tona asirin.