Waiwaye: Yadda tsohon ƙarfe ya tashi daga juji ya zama hajar da ƙasashe ke rowa

Duniya tana samar da ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a kowace shekara, kuma ba dukkansa ne ake haƙowa daga ƙasa ba. Kimanin tan miliyan 650 na abin da ake zubawa cikin tanderun masana'antu tsoffin ƙarafa ne: matattun motoci, rodin gine-ginen da aka rushe, layin dogo da ya gaji, gangar jiragen ruwa, da ɓarɓashin da ke zuba a masana'antun ƙere-ƙere. Daga ciki, wajen tan miliyan 100 ne ke ƙetare iyakar ƙasa zuwa wata ƙasa. Wannan kasuwa ba ta girma don mutane sun farka da son tsabtar muhalli ba. Tanderu ne ya gina ta, domin duk lokacin da aka sauya yadda ake narka ƙarfe, darajar tsohon ƙarfe ma takan sauya.

Maƙera dai tun fil azal ba sa yar da guntun ƙarfe, sukan mayar da shi wuta su ƙera wani abu. Amma wannan harka ce ta maƙera ɗaya da abokan cinikinta. Ko da Henry Bessemer ya fito da hanyarsa ta tace ƙarfe a Ingila a 1856, inda ake hura iska cikin narkakken ƙarfe a gama cikin mintoci, tsohon ƙarfe bai samu shiga sosai ba, domin tukunyar Bessemer ba ta da wutar kanta. Zafin da ke cikinta daga narkakken ƙarfen yake fitowa, in ka cika mata sanyayyen ƙarfe sai ta daskare. Sauyin ya zo ne a 1865, lokacin da Pierre-Émile Martin na Faransa ya yi amfani da tanderun da dangin Siemens suka ƙirƙiro, mai shimfiɗaɗɗen ciki da wuta daga waje. Wannan tanderu yana da nawa, yakan ɗauki sa'o'i da yawa, amma yana cin tsohon ƙarfe son ransa. Nan take tsoffin layukan dogo da ke jibge a Turai da Amurka suka yi kuɗi, aka kuma samu dillalai da sana'arsu ke nan, saye da tantancewa da kai wa masana'anta. Kafin farkon ƙarni na 20 ya yi nisa, wannan tanderu ya shige gaban na Bessemer.

Yaƙi ne ya fara nuna wa gwamnatoci cewa tarin tsatsa makami ne. A shekarun 1930 Japan tana gina jiragen yaƙi da tankoki alhali ba ta da tama isasshiya, don haka ta dogara da tsohon ƙarfen da take saya, mafi yawansa daga Amurka. A watan Oktoban 1940 gwamnatin Franklin Roosevelt ta hana sayar mata da shi, shekarar da ta biyo baya aka toshe mata man fetur, a watan Disambar 1941 kuma Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor. A Birtaniya an bi gidaje da wuraren shaƙatawa ana yanke shingayen ƙarfe da sunan yaƙi, a Amurka yaran makaranta suna yawon tara gwangwanaye da tsoffin tukwane. Bayan yaƙin, sa'ad da ƙasashen Turai shida suka kafa kasuwar haɗin gwiwa ta kwal da ƙarfe bisa yarjejeniyar Paris ta 1951, tsohon ƙarfe yana cikin kayan farko da aka buɗe wa iyaka, tare da kwal da tama. 'Yan kasuwar su ma sun haɗa kai, suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a 1948, wadda hedikwatarta ke Brussels har yau.

Daga nan sai abin ya so ya juye. A 1952 aka fara amfani da sabuwar tukunya a birnin Linz na Ostiriya, wadda ake hura wa zallar iskar oksijin. Tana gama aiki cikin ƙasa da sa'a guda, shi ya sa manyan masana'antu suka rungume ta suka yi watsi da tsohon tanderu. Sai dai ita ma, kamar ta Bessemer, ba ta iya ɗaukar tsohon ƙarfe fiye da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, ko sama da haka kaɗan. Ga shi kuma a daidai wannan lokaci motoci suna mutuwa da yawa a Amurka da Turai. Farashi ya faɗi, makabartun motoci suka cika bakin hanyoyi, har Amurka ta yi doka a 1965 wadda a cikinta aka nemi a riƙa kange su daga idon matafiya.

Wannan arha ita ta haifi kasuwar da muke gani yau. Tanderun lantarki, wanda Paul Héroult na Faransa ya fito da shi tun wajajen 1900, ya daɗe ana amfani da shi wajen ƙarafa na musamman kawai saboda tsadar wuta. Yana aiki ne da manyan sandunan gawayi da ake saukarwa cikin tukunya, wutar lantarki ta yi tsalle tsakaninsu da ƙarfen, ta narkar da shi. Ba ya buƙatar tama ko kwal, tsohon ƙarfe zalla ya ishe shi. Wasu ƙananan masana'antu na iyalai a yankin Brescia da ke arewacin Italiya suka gane cewa da wannan tanderu da tsohon ƙarfe mai arha za su iya yin rodi su karya farashin manyan kamfanoni. A Amurka kuma Ken Iverson na kamfanin Nucor ya buɗe irin wannan ƙaramar masana'anta a Darlington, jihar Carolina ta Kudu, a 1969. A lokaci guda aka samu injin niƙa mota, wanda ke haɗiye mota sukutum ya fitar da ita gutsi-gutsi, maganaɗisu ya zare ƙarfen ya bar roba da gilashi da soso. Manyan kamfanoni sun raina waɗannan ƙananan, suna ganin iyakarsu rodi. A 1989 Nucor ya buɗe masana'anta a Crawfordsville, jihar Indiana, ya fara yin fallen ƙarfe, wato inda riba take. Yau shi ne kamfanin ƙarfe mafi girma a Amurka, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfen ƙasar daga tanderun lantarki yake fitowa.

Da zarar masana'anta ta daina buƙatar mahaƙar tama a kusa da ita, ana iya gina ta a duk inda akwai tashar jiragen ruwa da wutar lantarki. Babu ƙasar da ta ci moriyar wannan kamar Turkiyya. Tamarta ba ta ishe ta, amma tana zaune tsakanin Turai mai tarin tsohon ƙarfe da Gabas ta Tsakiya mai ƙishirwar rodi. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, masana'antu da kayan soja da aka bari suka riƙa kwarara ta Bahar Aswad zuwa tashoshinta. Yanzu Turkiyya ce kan gaba wajen sayen tsohon ƙarfe a duniya, wajen tan miliyan 20 a shekara, yawanci daga Tarayyar Turai da Amurka da Birtaniya. Farashin da masana'antun Iskenderun da Izmir suka saya da shi, na nau'in da 'yan kasuwar ke kira HMS, wato tsohon ƙarfe mai kauri da nauyi, shi ne ma'aunin da dillalan duniya ke dubawa kowace safiya. A 2015 kasuwar ƙarafa ta Landan ta fara cinikin kwantiragin gaba a kan wannan farashi, ta yadda mutum zai iya saye da sayar da tsohon ƙarfen da bai taɓa gani ba.

Akwai ɓangaren wannan ciniki da bai kamata a wuce shi da sauri ba, shi ne fasa jiragen ruwa. A da a Birtaniya da Amurka ake yi, sai ya koma Kaohsiung a Taiwan, da albashi ya tashi a can kuma ya gangara Kudancin Asiya: Alang a jihar Gujarat ta Indiya tun 1983, gaɓar Chittagong a Bangaladesh, da Gadani a Pakistan. Ana jiran ruwa ya cika a turo jirgin da gudu ya kafe a tabo, sa'an nan leburori su hau shi da wutar yanka ƙarfe. Jirgi guda yana ba da dubban tan na ƙarfe mai kyau, amma a cikinsa akwai ragowar mai, da iskar gas da ke fashewa, da sinadarin asbestos mai lalata huhu. Mutane da yawa sun mutu a waɗannan gaɓoɓi, wasu sun nakasa. An amince da yarjejeniyar Hong Kong kan fasa jirage cikin aminci a 2009, amma ba ta fara aiki ba sai a watan Yunin 2025. Shekara 16 ke nan ana jan ƙafa, kuma a ganina wannan jinkiri ya nuna ƙarara darajar wa aka fi kula da ita, tsakanin mai jirgi da mai riƙe da wutar yanka.

Tsohon ƙarfe yakan zo da baƙi ma. A ƙarshen 1983 wata na'urar gashin ciwon daji mai ɗauke da sinadarin kobal mai fitar da tururin nukiliya ta faɗa hannun 'yan gwangwan a Ciudad Juárez ta Meziko, aka narka ta cikin rodi da ƙafafun tebura. Ba a gane ba sai da wata mota ɗauke da rodin ta bi ta gaban cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka ƙararrawa ta kaɗa. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa manyan masana'antu ke ajiye na'urar gano tururin nukiliya a bakin ƙofa.

Shigowar Sin ta girgiza komai, amma ba yadda aka zata ba. A shekara ta 2000 ƙasar tana yin ƙarfe tan miliyan 128, a 2020 ta haura tan biliyan ɗaya, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. Wannan yunwa ta ɗaga farashin kowane irin ƙarfe. A tsakiyar 2008 tan ɗaya na tsohon ƙarfe ya haura dala 600, satar murafun magudanan ruwa da wayoyi ta zama ruwan dare a ƙasashe da dama, kafin rikicin tattalin arziki na wannan shekara ya rugurguza farashin cikin 'yan watanni. Sai dai Sin ta gina ƙarfenta ne a kan tama daga Ostareliya da Brazil da kuma kwal ɗinta, domin ƙasar da ba ta daɗe da fara gine-gine ba ba ta da abin rushewa. A 2017 ta rufe ƙananan tanderun da ke narka tsohon ƙarfe ba bisa ƙa'ida ba suna fitar da rodi marar inganci, ta kuma fara toshe shigo da shara daga waje, har ta haramta shi gaba ɗaya daga farkon 2021, in ban da ƙarfen da aka tsabtace ya cika wani sabon ma'auni. Yau Sin tana narka tsohon ƙarfe fiye da tan miliyan 200 a shekara, ta fi kowa, amma kusan duka na gida ne.

A nan ne gaskiyar wannan kasuwa take. Tama ana iya ƙara haƙo ta in farashi ya tashi. Tsohon ƙarfe kuwa ba a shuka shi, abin da aka gina jiya ne kawai ake da shi, kuma ƙarfe yakan yi kimanin shekara 40 yana aiki kafin ya dawo tukunya. Saboda haka ƙasashen da suka riga kowa arziki su ne ke zaune a kan wannan mahaƙa, masu tasowa kuma, irin su Indiya da Bangaladesh da Pakistan da Masar, su ne masu saye. Ga kuma matsalar tagulla: wayoyin mota da na injuna sukan gauraya da ƙarfe a wurin niƙa, kuma in tagulla ta shiga narkakken ƙarfe babu hanya mai sauƙi ta cire ta. Rodi yana jure ta, fallen da ake yin jikin mota ba ya jurewa, dole a sirka da sabon ƙarfe. Shi ya sa tsabtataccen tsohon ƙarfe ke ƙara tsada, kamfanonin ƙarfe kuma suke saye kamfanonin tara shi, kamar yadda Nucor ya sayi David J. Joseph a 2008.

Batun ɗumamar yanayi ne ya ƙara wa abin wuta. Masana'antar ƙarfe tana fitar da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa. Tan ɗaya da aka yi da tama da kwal yana fitar da fiye da tan 2 na hayaƙi, wanda aka yi da tsohon ƙarfe a tanderun lantarki kuma bai kai tan ɗaya ba. Kowane tan na tsohon ƙarfe yana hutar da haƙar tama tan 1.4 da kwal kilo 740. Don haka masana'antun Turai suna rige-rigen komawa lantarki. A 2024 kamfanin Tata ya kashe manyan tanderunsa na Port Talbot a yankin Wales domin ya gina na lantarki, dubban ma'aikata suka rasa aiki, hujjar da aka kawo kuwa har da cewa Birtaniya tana fitar da mafi yawan tsohon ƙarfenta waje alhali tana iya narka shi a gida.

Sakamakon haka, ƙofofin da aka buɗe bayan yaƙin duniya suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu ƙasashe dalilinsu sata ce: Kenya ta dakatar da cinikin tsohon ƙarfe a watan Janairun 2022 bayan an yi ta kwance turakun wutar lantarki, Afirka ta Kudu ta hana fitar da shi na wani lokaci a ƙarshen wannan shekara saboda ɓarnar layin dogo da wayoyi. Rasha ta ƙayyade adadin da za a fitar. Tarayyar Turai, wadda ta fi kowa sayarwa, ta yi sabuwar dokar fitar da shara a 2024. Daga watan Mayun 2027, ƙasar da ba ta cikin ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ba za ta samu tsohon ƙarfen Turai ba sai ta nema, ta kuma nuna tana iya sarrafa shi ba tare da gurɓata muhalli ba. Sharaɗin a kan kansa daidai ne, duk wanda ya san halin da leburorin Gadani da Chittagong ke ciki ba zai ƙi shi ba. Abin da ke damuna shi ne masu neman a ƙara tsaurara shi sun haɗa da kamfanonin ƙarfe na Turai, waɗanda za su sayi hajar da arha in ta rasa hanyar fita. Turkiyya tana cikin OECD, don haka ƙofarta tana nan a buɗe, ko da za a riƙa sa mata ido. Indiya da Pakistan da Bangaladesh da Masar ba sa ciki, kuma su ne ke tsakiyar gina gidaje da gadoji. In aka hana su tsohon ƙarfe ba za su daina gini ba, tama da kwal za su koma.