Babban haɗin sassa (assembly) yana nauyi a SolidWorks, manhajar zanen injiniya: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Kwamfutata ce ta yi rauni? In sayi sabuwa?

Kada ka sayi komai sai ka auna. Buɗe Task Manager yayin da haɗin yake buɗe. Idan RAM ta cika, ƙara ta. Gigabait 32 ta ishi yawancin aiki. Idan ba ta cika ba, ƙari ba zai canza komai ba.

Furosesa na da ƙwaƙwalwa (core) 16, me ya sa ɗaya kawai ke aiki?

Haka manhajar take. Sake gina zane aiki ne na bi da bi, mataki na biyu yana jiran na farko. Saurin ƙwaƙwalwa ɗaya shi ne abin dubawa, yawansu kuma sai wajen fitar da hoto ko lissafin ƙarfin ƙarfe.

Ta ina zan fara neman matsalar?

Da farko ka faɗa mini wane nauyi kake nufi, domin iri uku ne kuma maganinsu daban. Akwai jinkirin buɗewa, akwai tsinkewar hoto idan kana juya zane da linzami, akwai jiran da ke biyo bayan kowane gyara. Na farko yawanci daga wurin ajiyar fayil ne, na biyu daga yawan alwatikan da katin hoto yake zanawa, na uku daga ɗaurin sassa (mates, ƙa'idojin da ke riƙe sashe a jikin wani) da dogaron wani sashe a kan wani. Mutum ya rubuto "yana nauyi" kawai, ba a san abin da za a ce masa ba.

Sai ka buɗe Performance Evaluation, sannan Assembly Visualization, ka jera sassan bisa yawan alwatika da lokacin buɗewa. Kusan kullum za ka tarar sassa biyar ko goma ne ke riƙe da haɗin duka: sukurun da aka zana masa tiredi na gaske mai murɗewa aka kwafe shi sau 400, farantin raga mai ramuka dubbai, tambarin kamfani da aka tono a jikin murfi, ko injin lantarkin da aka sauke daga shafin mai sayarwa da duk wayoyin cikinsa.

Tiredin sukuru fa, ba a bukatarsa?

A'a. Yi amfani da tiredin alama (cosmetic thread), wanda ke fitowa a takardar zane ba tare da an sassaƙa shi ba. Na gaske sai idan za ka buga sashen da firinta mai fitar da siffa.

Na kunna Large Assembly Mode, ban ga bambanci ba.

A sababbin fitowa sunansa Large Assembly Settings, kuma yana kunna kansa idan sassa sun wuce 500, sai dai in an canza adadin. Aikinsa kashe ƙawa ne da ɗauko sassa a sauƙaƙe. Ba ya gyara zanen da aka gina ba daidai ba. Idan dubawa kawai za ka yi ko awo, buɗe da Large Design Review.

Zan iya sauƙaƙa sassa ba tare da ɗauri ya tsinke ko takardar zane ta lalace ba?

Wannan ce tambayar da ta cancanci dogon bayani, kuma amsar ta danganta da abin da sashen yake yi a haɗin.

Idan kayan saye ne, kamar giyabos ko boris ko bawul, sauƙi ne. Ba kai za ka ƙera shi ba, abin da kake bukata shi ne siffar waje, ramukan ɗaurewa da bakin shaf. Goge cikinsa, ko ka yi amfani da Defeature, umarnin da ke cire ƙananan bayanan sashe, ka ajiye asalin fayil ɗin a gefe. Amma ka tuna nauyinsa zai canza, domin ka cike ko ka cire ƙarfe. Shigar da nauyin gaskiya da hannu daga takardar mai sayarwa, in ba haka ba lissafin tsakiyar nauyin injin zai fito ƙarya ba tare da wani gargaɗi ba.

Idan naka ne, yi masa siga ta biyu (configuration) a cikin fayil ɗin, wadda aka danne (suppress, kashewa ba tare da gogewa ba) lanƙwasar gefuna, rubutu da ƙananan ramuka. A nan ake yin ɓarna. Duk fuskar da wani ɗauri ya kama, idan ka danne matakin da ya haife ta, ɗaurin zai yi ja. Shi ya sa ya fi kyau tun farko a ɗaura sassa da filayen asali da layukan tsakiya, waɗanda ba sa ɓacewa. A tsohon haɗi da aka riga aka ɗaura da fuskoki, bi a hankali, sashe ɗaya, ka sake gini da Ctrl+Q, ka duba, sannan na gaba. Kuma ka ba sigar suna iri ɗaya a kowane fayil, don a iya sauya su gaba ɗaya.

SpeedPak, wato sauƙaƙƙiyar sigar haɗi, yana taimakawa sosai ga ƙaramin haɗin da aka gama, domin fuskokin da ka zaɓa kawai yake riƙewa. Sai dai idan an gyara asalin, dole a sabunta shi, kuma mutane suna mantawa, su yi ta awo a kan tsohuwar siffa. Ga abin da ake canzawa kullum ban cika ba da shawararsa ba. Takardar da za a kai wa maƙera kuma ta ci gaba da kallon cikakkiyar siga. Duba wannan da idonka kafin ka fitar.

Ɗauri nawa ne ya yi yawa?

Ba adadi ne kaɗai ba. Duk ɗaurin da ke matakin sama ana warware shi tare a kowane gyara. Sassa 900 zube a mataki ɗaya kuskure ne. Tara su ƙananan haɗi yadda za a harhaɗa injin a zahiri. Ƙaramin haɗin da aka mayar mai motsi (flexible) yana dawo da ɗaurinsa sama, don haka mayar da shi kafaffe idan ka gama gwada motsin. Kuma kada ka bar ɗauri mai ja ko rawaya ka ce sai gobe.

Me ya sa yake neman a adana alhali ban taɓa komai ba?

Ko dai fayilolin na tsohon fitowar manhajar ne, ana juya su duk buɗewa, ko akwai dogaro mai zagaye: sashe na ɗaya ya ɗauki awo daga na biyu, na biyu kuma daga na ɗaya. Adana duka a sabon fitowa sau ɗaya, bayan ka yi kwafin ajiya. Dogaron waje kuma ka kulle shi da zarar siffar ta zauna. Kullewa ana iya buɗe ta daga baya, yankewa ba ta dawowa.

Fayilolin suna kan sabar ofis.

To ga jinkirin buɗewarka nan. Kwafo su zuwa SSD na kwamfutarka ka gwada da agogo. Idan bambancin babba ne, ku nemi tsarin PDM mai ajiye kwafi a kowace kwamfuta.

Hoton yana tsinkewa a laftof mai katin NVIDIA.

Kwantar da hankalinka, wannan mai sauƙi ne. Tabbatar manhajar tana amfani da katin NVIDIA ɗin maimakon ƙaramin na Intel, jona caja, sa direban da SolidWorks ta amince da shi. Kashe RealView, mai ƙawata hoto, da inuwa. Sannan duba Image Quality a sassan da suka fi alwatika. Idan an ja shi har cikin jan yanki, dawo da shi ƙasa ka adana sashen.