Manunan cuta a jinin masu sefsis da ARDS

Manunin cuta shi ne duk wani abu da ake iya aunawa a jini, ko fitsari, ko ruwan huhu, wanda yawansa ko ƙarancinsa ke bayyana abin da ke gudana a cikin jiki. A wajen mai sefsis da ciwon ya taɓa masa huhu har ya kai matakin da likitoci ke kira ARDS, ana neman irin waɗannan manunai ne don a gane wanda huhunsa ke dab da gazawa, da ɓangaren huhun da ya lalace, da kuma wanda wani magani zai yi wa amfani. Har yau babu manuni guda da ya isa a ce da shi kaɗai an tabbatar da ARDS, amma binciken da aka yi a kansu ya sauya yadda ake kallon ciwon.

Sefsis da ARDS

Sefsis, wanda wasu ke kira gubar jini, yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayoyin cuta, har ta koma tana lalata sassan jikin kansa, kamar ƙoda da hanta da huhu. Wannan ita ce ma'anar da masana suka amince da ita a 2016. An ƙiyasta cewa a 2017 an samu masu sefsis kusan miliyan 49 a duniya, miliyan 11 suka rasu, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin yankunan da abin ya fi yi wa nauyi.

ARDS kuwa matsanancin ciwon huhu ne mai zuwa farat ɗaya. Likitoci a birnin Denver na Amurka, David Ashbaugh da Thomas Petty da abokan aikinsu, su suka fara bayyana shi a 1967 bayan sun lura da majinyata 12. Huhu cike yake da ƙananan jakunkunan iska, kowace tana manne da siraran jijiyoyin jini, kuma bangon da ke tsakaninsu ya fi takardar albasa sirantaka. Idan bangon ya fara yoyo, ruwa mai furotin ya malala cikin jakunkunan, sai iskar oksijin ta kasa ratsawa zuwa jini. Sefsis, musamman wanda ya taso daga nimoniya, shi ne kan gaba a abubuwan da ke jawo haka.

Ƙa'idar Berlin ta 2012 ta ce ana kiran ciwo ARDS idan ya bayyana cikin mako guda, hoton ƙirji ya nuna farin hazo a huhun dama da na hagu, ciwon zuciya bai isa ya bayyana ruwan ba, kuma ma'aunin oksijin na jini bisa oksijin da ake ba majinyaci ya sauka zuwa 300 ko ƙasa. Daga 100 zuwa ƙasa shi ne mafi tsanani. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya shafi ƙasashe 50, ya gano cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka kwantar a sashen kulawa ta musamman suna da ARDS, kuma mutuwa ta kama daga kusan kashi 35 a mai sauƙi zuwa kashi 46 a mai tsanani.

Abin lura shi ne babu gwajin jini ko ɗaya a wannan ƙa'ida banda awon oksijin. Ƙa'idar ta tara mutane masu ciwo iri-iri a inuwa ɗaya, tun da ko a binciken gawa, kusan rabin waɗanda suka cika sharuɗɗan ne kawai ake samu da irin lalacewar huhun da aka sani da ciwon. Daga nan buƙatar manunai ta taso.

Abin da ake aunawa

Bangon huhu fuska biyu gare shi, kowace da manunanta. Ta ɓangaren iska akwai furotin da ake kira sRAGE, wanda ke fita daga shimfiɗaɗɗun ƙwayoyin halittar da suka rufe mafi yawan cikin jakar iska. Yawansa a jini yana tafiya da tsananin ciwon da kuma gazawar huhu wajen kwashe ruwan da ya taru. Akwai kuma SP-D da KL-6, daga ƙwayoyin da ke haɗa sinadarin da ke hana jakar iska manne wa kanta. Wurin zamansu huhu ne, don haka yawaitarsu a jini alama ce cewa bango ya ɓule.

Ta ɓangaren jini, manunin da ya fi jan hankali shi ne anjiyopoyitin-2. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini suna ajiye shi, idan kumburi ya taso su sake shi nan take. Aikinsa shi ne toshe wata kafar saƙo mai suna Tie2, wadda ke riƙe ƙwayoyin dam da juna. Da an toshe ta, sai mahaɗarsu ta saki, ruwa ya zurara. Wato shi wannan manuni yana da hannu a ɓarnar da yake nunawa, kuma an ga yana hawa a jinin wasu majinyata tun kafin huhu ya nuna gazawa. Bambancin fuskokin nan biyu yana fitowa a gwaji: wanda ciwonsa ya faro daga huhu, kamar mai nimoniya, ya fi nuna yawan SP-D, wanda kuma sefsis ɗinsa ya taso daga ciki ko mafitsara ya fi nuna yawan anjiyopoyitin-2.

Sai manunan kumburi, wato furotin ɗin da ke ƙaruwa a jini idan garkuwar jiki ta motsa, irin su intalukin-6 da intalukin-8 da sTNFR1, da na daskarewar jini, inda furotin C mai hana jini daskarewa ke raguwa, PAI-1 mai hana gudan jini narkewa ke hawa. Labarin furotin C darasi ne ga masu bincike. Ganin ƙarancinsa yana tafiya da mutuwa, aka haɗa magani daga gare shi, aka amince da shi a 2001 don masu sefsis mai tsanani, amma a 2011 aka janye shi daga kasuwa bayan wani babban gwaji ya kasa nuna amfaninsa. Ba kowane abin da ke nuna haɗari ne gyara shi ke kawar da haɗarin ba.

Gwaje-gwajen da aka saba yi a asibiti, laktet, wanda ke taruwa a jini idan sassan jiki sun shiga matsi, da furokalsitonin da CRP, masu hawa idan akwai kumburi ko ƙwayoyin cuta, sun fi magana a kan sefsis ɗin kansa. Laktet da ya haura milimol 2 a kowace lita, tare da buƙatar maganin ɗaga hawan jini duk da ƙarin ruwa, shi ne sharaɗin matakin sefsis mafi muni. Furokalsitonin yana taimakawa wajen yanke shawarar lokacin dakatar da maganin kashe bakteriya. Babu ɗayansu da ke faɗin halin da huhu ke ciki.

Rukuni biyu

A 2014 Carolyn Calfee da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka sake nazarin bayanan manyan gwaje-gwaje biyu na hanyoyin jinyar ARDS. Suka haɗa sakamakon jini da sauran awon majinyata, suka bar lissafi ya raba su ba tare da duban wanda ya rayu ko ya rasu ba. Rukuni biyu suka fito. Na farko, kusan kashi ɗaya cikin uku, yana da kumburi mai yawa: intalukin-6 da 8 da sTNFR1 a sama, furotin C da bayikabonet (sinadarin da ke rage tsamin jini) a ƙasa, hawan jini na yawan faɗuwa, kuma masu sefsis sun fi yawa a cikinsa. Mutuwa a wannan rukuni ta kai kusan ninki biyu na ɗayan, ko ma fiye.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne magani bai yi wa rukunan aiki iri ɗaya ba. Masu kumburi mai yawa sun fi amfana da ƙarin matsin iskar da injin numfashi ke bari a huhu bayan fitar numfashi. Haka kuma gwajin simbastatin, maganin rage kitsen jini, da aka yi a Birtaniya da Ayalan, wanda a dunƙule bai nuna wani amfani ba, da aka sake duba shi a 2018 sai aka ga masu kumburi mai yawa da suka sha maganin sun fi rayuwa. Wannan ya sa ake zargin cewa wasu magungunan da aka yi watsi da su a baya sun faɗi ne don an gwada su a kan taron da bai kamata a haɗa ba. Sai dai duk waɗannan waiwaye ne a kan tsofaffin bayanai, kuma waiwaye ba ya maye gurbin gwajin da aka tsara tun farko bisa rukuni. Daga baya an nuna cewa manunai uku kacal, kamar intalukin-8 da bayikabonet da furotin C, sun isa su raba majinyata daidai gwargwado.

Cikas

Yawancin gwaje-gwajen waɗannan manunai na ɗakin bincike ne, sakamakonsu kan ɗauki sa'o'i ko kwanaki, alhali mai sefsis na iya juyewa tsakanin azahar da magariba. Ba a daidaita adadin da za a ce ya yi yawa ba tsakanin ɗakunan gwaji. Gazawar ƙoda, wadda ta zama ruwan dare a sefsis, tana ɗaga wasu manunan ko da huhu lafiya lau yake. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi ma kan jawo ARDS, yana ɗaga anjiyopoyitin-2 da furokalsitonin, don haka a yankunan da ya yi katutu, irin su arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ba za a ɗauki adadin da aka samo daga majinyatan Turai da Amurka a yi aiki da shi kai tsaye ba.

A asibitoci da dama ko na'urar awon iskar jini da ƙa'idar Berlin ke buƙata babu. Shi ya sa a 2016 masu bincike a Kigali, babban birnin Ruwanda, suka kawo sassauci: a yi amfani da na'urar awon oksijin da ake maƙalawa a yatsa, a ɗauki 315 ko ƙasa a matsayin iyaka maimakon 300, a karɓi hoton sikanin na huhu a madadin hoton ƙirji, kuma ba sai majinyaci yana kan injin numfashi ba. Sabuwar ƙa'idar duniya da aka fitar a 2023 ta karɓi waɗannan sauye-sauye, ita ma ba ta saka manunin jini ko ɗaya a sharuɗɗanta ba.